Saitin Bindigar Sarkin Baka

Ku matso nan, ku ajiye wayar nan tukuna. Tun ɗazu nake jinku a bakin maƙerata kuna gardama kan hoton ƙaramar bindigar Turawa. Wannan ya ce saiti mai ɗigo uku ya fi, wancan ya ce a'a, mai ƙyalli cikin duhu, ga wani can har da rantsuwa wai mai faffaɗar tsaga ba shi da na biyu. Kuma duk cikinku ban ga wanda ya taɓa kayar da ko kurciya da danƙo ba. Na kuma ji wanda ya ce aikin saiti ai ba aiki ba ne, ɗan ƙarfe ne a gaba, 'yar tsaga a baya, in aka ba shi magagari kafin la'asar ya gama. Sannu gwani! Ni Lawali Maƙeri, furfurar nan da kuke gani a kan wannan ɗan ƙarfen da 'yar tsagar na yi ta, don haka ku zauna a kan kututturen nan ku ji.

Aikin farko da aka bari na taɓa a Shinkafi ne, wurin kawuna Baba Labbo, Allah ya jiƙansa. Kafin nan na daɗe ba abin da nake yi sai zuga da ɗibar gawayi, har hannuwana suka saba da zugazugi, ina barci suna motsi. Ran nan ya jefo mini guntun tsohuwar munduwa ta tagulla, ya ce in fitar masa da ƙwayar gaba, wato ɗan dunƙulen nan da ke zaune kusa da bakin bindiga, wanda maharbi yake ɗorawa a kan abin da zai harba. Na kama ta da awartaki, na goga, na goga, na zagaye ta har ta zama kamar ƙwayar dawa, sannan na bi ta da toka da tsumma, sai ɗaukar ido take. Na kai masa ina jiran yabo. Ya fita da ita rana, ya jujjuya ta, ya ce, "To, ka yi wa amarya ɗan kunne. Ina aikin da na sa ka?" Ashe ƙwaya in ta cika ƙyalli, gefen da rana ta buga shi ido yake ɗauka a matsayin tsakiya, sai harbi ya kauce. Ya kara ta a hayaƙin aci-balbal har ta dusashe, ya nuna mini yadda ake so, ya ce in sake wata. Wunin ranar a kan ƙwaya na yi shi, sai da munduwar ta ƙare.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Masaba da uwar maƙera na babban aiki ne, fartanya da gatari. Saiti kuwa aikin ƙananan magagarai ne: mai kusurwa uku, da zagayayye kamar wutsiyar ɓera, da wani siriri da na gada wurin Baba Labbo, wanda ko matata ba ta isa ta ɗauka ta goge wuƙa da shi ba. Wahalar magagari ita ce ci yake yi, ba ya mayarwa. Ƙarfen da ka goge ya tafi ke nan. Shi ya sa ake yin ja ɗaya a tsaya a leƙa, a sake ja ɗaya a fita haske a leƙa. Mai gaggawa gara ya je ya sayar da rake.

Tsagar baya, wadda ido yake leƙawa ta cikinta, iri uku muke yi, kuma sunayen da zan faɗa na maƙerarmu ne, wani wuri wataƙila ba haka suke kira ba. Akwai gwafa, mai tsini a ƙasa kamar gwafar danƙon yara. Ita ake haɗawa da siririn tsinke a gaba maimakon ƙwaya. Wannan ta mai kaifin ido ce, mai haƙuri, wanda zai kwanta cikin ciyawa ya jira gada ta tsaya cak a nesa. Amma da rana ta yi sanyi, ko an shiga ƙarƙashin duhuwar itace, sai tsinken ya ɓace maka cikin tsagar ka yi ta lalube. Akwai kwarmi, mai zagayayyen ƙasa. Ƙwaya tana faɗawa cikinsa da sauri, ya dace da zomo da fakara, abin da ba ya jiran ka gama shawara. Aibinsa, in nama ya yi nisa sai ƙwayar ta rufe shi gaba ɗaya, inda kake zato kawai kake harbi. Ta ukun taga ce, mai kusurwa huɗu, wadda take barin ɗan haske a gefe biyu na tsinken, in hasken ya yi daidai hagu da dama ka san ka zauna. Ita na fi so, ita kuma maharba suka fi ƙi, wai ta yi kama da kayan soja, su kuwa gado suka yi.

Ƙaramar nan ta cikin wayarku ban taɓa ƙera irinta ba, ba kuma zan ƙera ba. Hukuma ta hana, ni ma ban san dabbar da ake farauta da ita ba. Amma ido ɗaya ne ko'ina. Abu uku ake so ya gani lokaci guda, tsaga da ƙwaya da naman, shi kuwa Allah bai yi shi ya tsaya wuri uku ba. Idon yaro yana tsalle tsakaninsu da sauri har mai shi bai sani ba. Na babba kuwa ya fara nawa. A doguwar bindiga akwai tazara tsakanin gaba da baya, tana yafe maka ɗan kuskure. A gajera tazarar ba ta wuce taƙi ba, kaucewar da ba ta kai silin gashi ba sai ta kai harsashi gonar maƙwabci. To wane saiti ya fi? Ku kawo mini mutumin tukuna in ga idonsa, in ji shekarunsa, in san lokacin da yake fita daji. Duk wanda ya ba ku amsa bai ga mai bindigar ba, talla yake yi muku.

Wani maharbi daga Ɗan Isa ya taɓa wuni a nan yana zaɓe. Na yi masa gwafa ya ce ta matse. Na buɗe ta ta koma kwarmi ya ce ta yi wawakeke, ɓera ma ya wuce. Na sake sabon ƙarfe muka koma farko. Da yamma muka fita bayan gari gwaji, na kafa masa tsohuwar ƙwarya a kan kututture. Ya durƙusa, ya kashe ido ɗaya, ya saita, ya saita, har ƙafata ta gaji. Da zai ja kunama sai ya miƙa bindigar nesa da jikinsa, ya kawar da fuska can gefe, ya runtse idanu duka biyu. Daram! Hayaƙi ya washe, ƙwarya tana nan lafiya lau. Ba na ganin laifinsa sosai. Bindigar toka tana feso wuta da hayaƙi a fuska, wadda aka yi da mugun ƙarfe ma tana iya fashewa, rabin maharbanmu haka suke harbi tun kakanni. Wani ma ya taɓa kawo mini tasa yana ƙorafin ba ya ganin komai, na duba na tarar ya sa baduku ya ɗinke laya daidai kan tsagar, don harbi ya riƙa bin nama. Amma duk da haka a maganar saiti ba sa yarda a yi musu wasa. Mutumin Ɗan Isa ya juyo ya dube ni ya ce, "Maƙeri, wagga tsaga taka da sauranta." Na ce gaskiyarsa.

Kuna dariya don na ce gaskiyarsa. To nan sana'ar take, ba a magagari ba. Na koyi wannan ne ranar da wani ya faɗo wa Baba Labbo a fusace, ya harbi gada kusa-kusa a gaban surukansa, ta tsallake ta yi tafiyarta. Baba ya karɓi bindigar, ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Ashsha, laihina ne, ƙwayar ta zame." Ya shige bayan zana, ina biye da shi. Ya jingine ta a bango, ya ɗauki masaba ya yi ta dukan uwar maƙera, ƙwal-ƙwal-ƙwal, ko taɓa bindigar bai yi ba. Ya zauna ya ci goronsa, sannan ya fito ya miƙa. Mutumin ya leƙa ya ce yauwa, yanzu ta zauna.

Bayan ya tafi na ce, "Baba, ai ba ka gyara komi ba."

Ya ce, "Wa ya ce maka ita ta lalace? Kai yaro, maharbi ba ya kuskure gaban mutane. Mutum ne da za shi daji shi kaɗai, gobe shina iya yin arba da mugun dawa. In ya fara shakkar hannunshi, ka kashe shi. Gara ya yi shakkar naka, kai da kake zaune inuwa."

Haka ake yi tun kafin a haife mu. Maharbi ya kawo laifi, maƙeri ya karɓa, ba a biyan komai. In ya yi sa'a a fita ta gaba sai ya aiko da cinya. Shi ya sani, kai ka sani, 'yan kallo ma galibi sun sani, ba mai furtawa. Cinyoyin da na ci na kuskuren da ban yi ba, wallahi sun fi na aikin da na yi yawa.

Gwafa mafi matsi da na taɓa tsagawa, bayan na dawo Kaura na buɗe tawa maƙerar nan kusa da tsohuwar tashar jirgi, ta Ɗantani ce, Sarkin Bakan wani ƙauye bayan Moriki, wato shugaban maharbansu. Dogo ne, baƙi, ga layu har gwiwar hannu, ga baki. Ya ce yana son tsagar da silin wutsiyar doki ma da ƙyar zai wuce. Na ce, "Sarki, ba za ka ga komi ta ciki ba." Ya ce, "Kai Maƙeri, idonka ko nawa?" Na yi masa. Shi ba ya cikin masu kawar da fuska, kumatunsa na dama duk tabon albarushi ne. Da muka fita gwaji ya ce in mayar da ƙwaryata gida a dama fura. Ya nuna mini 'ya'yan kuka biyu suna reto can ƙololuwa, ya ce wanne nake so. Na ce na hagu. Na hagun ya fashe, garinsa ya watsu a iska, na daman yana nan yana reto. Ya yi shekaru bai kawo mini laifi ko ɗaya ba. Cinya dai tana zuwa, wai don in san akwai maharbi a ƙasar Zurmi.

Ranar da ya fara dawo mini da bindigar, cewa ya yi tsatsa ta cushe tsagar. Na leƙa, tsaf take kamar ranar da na yi ta. Na ce laifina ne, na shige bayan zana na daki uwar maƙera na fito. Ba a jima ba ya dawo. Wannan karon na gane dukan banza ba zai yi ba, na sa magagari na ɗan buɗe ta, ban gaya masa ba. Ya leƙa ya ce yanzu na yi aiki. Damina ta zagayo ya sake dawowa, gwafa ta koma kwarmi, tsinke ya koma ƙwaya. Ya ce ai dama yanzu ya fi son zomo, naman gada yana tayar masa da ciwon gaɓɓai. Daga nan ƙwayar da take kamar ta dawa ta koma kamar ta wake. Daga baya na shafa mata farin fenti. Ni da aka hana ƙyalli tun ina yaro, ga ni ina neman abin da zai fi ɗaukar ido. Likita yana da allonsa na gwajin ido, ni tsagar Ɗantani ce allona, kuma ƙarfen bayan ya kusa ƙarewa, babu sauran inda magagari zai ci.

Ɗansa Sahabi, manomi ne mai sanyin hali, ya taɓa lallaɓa shi suka je asibiti Gusau. Sarkin ya gaya wa mutanensa gaisuwar mutuwa za shi. A hanyar dawowa suka tsaya nan, Sahabi ya ja ni gefe ya ce likita ya ce ba yanar ido ba ce da ake kankarewa, ciwo ne mai cin ido a hankali, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙa ɗiga magani. Uban kuwa yana zaune a kan wannan kututturen yana ba mutane labarin mamacin da ba a yi ba, har da yawan jama'ar da suka sallace shi.

Sai shekarar 'yan bindigar daji ta zo, kun san ta, ba sai na gaya muku ba. Daji ya fi ƙarfin maharba, aka rufe kasuwanni, waya ta ɗauke, hanyar Moriki in ka bi ta sai an ga dawowarka ake yarda ka je lafiya. Mu maƙera muka shiga tsakiya. Hukuma tana zargin duk mai zugazugi, mutanen daji kuma suna turo baƙin fuska su tambaya ko ana gyara. Na tattara ƙananan magagaraina na ɗaure a tsumma, na koma fartanya da lauje da magirbi. Wanda ban san ubansa da kakansa ba, kuma ba shi da takardar maharba, ko kallon bindigarsa ba na yi. Maharban da suka saura an daina maganar farauta da su, sai rakiyar manoma. A fita gona a taro, su tsaya gefe suna gadi, a yi aiki a komo da sauran rana. Sarkin Baka shi ke gaba, wa ya isa ya ce ya zauna gida?

Lokacin yankan dawa ne, da hantsi, ina wasa lauje, Sahabi ya faɗo maƙerar nan leɓɓansa a bushe. Ya ja ni bayan zana. Ya ce jiya suna gona, kowa a tsorace don an kwashi mutane a gonar da ke kusa da tasu cikin makon, sai uban ya ga wani abu dogo yana ratso karan dawa yana nufo su. Bai yi magana ba, ya ɗaga ya saki. Hajo ce, matar shi Sahabin, ta ɗauko musu fura a ka, ga goyo a bayanta. Ƙwaryar ta tarwatse, furar ta wanke ta, harsashi guda ya yage mata kunne. Ita da yaron suna nan da ransu.

"Baba Lawali," ya ce, "rana tsaka ce hwa. Kowa ya gane ta sai shi. Ga shi nan tahe da bindigar, shi da yaranshi. Don Allah kak ka ba shi ita. Mu mun kasa, ba mu iya kallonshi mu hwaɗa mishi."

Ni na san bindigar nan, ban taɓa daidaita wata kamarta ba. Da mai ita yana ganin ƙwayar da kyau, da gawa biyu aka ɗauko daga gonar.

Ba a jima ba sai ga shi, matasan maharba a bayansa, masu jiran lauje kuma sun cika rumfa. Ya dangwarar da bindigar a gabana. Ya rame a kwana guda, amma muryar tana nan.

"Kai Maƙeri! Wane irin saiti ka yi min? Biri na hanga shina ɓarnar dawa, shi na nuhwa, wagga tsiyar ta kai wurin matar ɗana. So kake a ce Sarkin Baka ya kashe jikanshi?"

Yaransa duk suka sunkuyar da kai, sun san babu biri a gonar nan. Kowa ni yake jira. Wannan kuwa ba gada ba ce da ta tsallake. In na ce laifina ne, na yarda ke nan a gaban jama'a cewa aikina ya kusa kashe mace da goyo, a shekarar da abinci ma da ƙyar. In na ce Sarki idonka ne, na tuɓe shi a gaban yaran da ya koya wa riƙon bindiga, kuma na san halinsa, gobe zai saɓa ta ya shiga daji shi kaɗai don ya ƙaryata ni. In kuma na shiga na daki uwar maƙera na miƙa masa yadda aka saba, wadda za ta kawo fura gaba ba lalle ta yi sa'ar Hajo ba.

Na ɗauka na leƙa, na daɗe ina leƙawa. Na ce, "Innalillahi. Laihina ne, Sarki. Amma wannan ba na yau ba ne, ciwon ya shiga har ciki. Sai ka bar ta nan."

"Har yaushe?"

"Sai ta gyaru."

Ya zage ni tas, ya juya ya tafi, ko waiwayen bindigar bai yi ba. Na rataye ta can sama.

Labari ya riga shi isa gida. Daga Moriki har Gurbin Bore har Shinkafi inda na koyi aikin, aka ce saitin Lawali mutane yake bi. 'Yan maharban da suka rage mini suka koma wurin wani a Zurmi. Wata mata ta fasa sayen lauje a hannuna, wai kada ya kauce ya yanke ta. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, don sunan nan da gumi na same shi. Cinya kuwa wannan karon ko ƙashi ban gani ba, sai Hajo ce ta aiko mini da fura da kunnenta ya warke.

Bayan girbi ƙauyen nasu ya tashi, suka dawo Kaura suka kama haya a bayan masallacin can. Sai abin ya zama kamar sana'a. Duk ranar kasuwa Ɗantani zai zo, da sanda a hannu wai saboda karnuka, ya tsaya inda jama'a suka fi yawa ya ɗaga murya: "Maƙeri, bindigata hwa?" In ce da saura, Sarki. Ya ce rago, ya ce malalaci, ya ce da tana hannunsa da tuni ya share dajin nan. Yaransa suna komawa gadin gonaki duk damina da kaka, in sun zo ɗaukarsa sai ya ce su dubi abin da maƙeri ya ja masa. Wani ya taɓa miƙa masa tasa aro, ya ce Sarkin Baka ba ya harbi da bindigar wani. In ya gama zagin sai ya zauna nan mu ci goro, ya tambayi iyali. Haka muka ci damina, muka ci wata.

Kakar bara, ranar da yaransa za su tafi rakiyar masu yankan dawa, suka biyo ta nan karɓar laujuna, baburansu a kunne a bakin hanya, shi ma yana nan. Ni kuwa tun safe zazzaɓi ke cina, ga gawayi jiƙaƙƙe ya ƙi kamawa. Ban sani ba ko jin ƙarar baburan ne da warin albarushi ya taɓa shi, ranar dai ya wuce inda ya saba tsayawa. Ya gama da ni ya koma kan kawuna.

"Ai ba laihinka ba ne," ya ce. "Labbon da ya koya maka shi ma mi ya sani? Asarar gawayi ya yi har ya mutu."

Aka yi dariya. Zuciya ta ɗebe ni. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta yana rufa wa maharba asiri, yana cikin kabari a ce da shi haka? Na jefar da masaba, na taka kututture na sauko da bindigar, na share ƙurar da hannun riga, na miƙa masa.

"Ga ta, Sarki. Ta gyaru. Tun jiya na gama."

Ɗaya daga cikin yaran, sabon shiga ne bai san komai ba, ya ce, "Alhamdu lillahi! Sarki, hau bayana mu tahi." Sauran ba wanda ya motsa.

Ɗantani ya miƙo hannu, ya kama iska, sannan ya same ta. Ya shafa ƙotar, ya bi ƙarfen da babban yatsa har ya kai tsagar. Ya ɗaga ta kafaɗa ya nufi saman dalbejiyar can, ya daɗe a haka. Ina kusa da shi, ina ganin gumi yana bin layun hannunsa. Babur yana ta ruri a bakin hanya. Ba shi da sauran abin da zai ce wa yaran, in ya sauke ta sai hawa, daga nan sai gona, da mata masu kawo abinci cikin karan dawa.

Bai sauke ba ya yi ƙasa da murya, yadda ni kaɗai zan ji. Tun da muke bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

"Lawali," ya ce, "ka ƙara dubawa. Don Allah ka duba da kyau."

Kunya ta rufe ni, tausayinsa ya kama ni. Na karɓe ta, na leƙa tsagar da ba abin da ya same ta, na buga salati da ƙarfi don na bakin hanya su ji.

"Kai! Ƙwayar ta sake zamewa. Ashsha! Laihina ne, Sarki, na yi gaggawa."

Ya ja dogon numfashi. Sannan ya juya wajen da yake jin motsin yaran, ya gyara murya.

"Kun gani ko? Kun ga abin da nika hwama da shi? Ku tahi, Allah shi tsare. Ni da wanga rago sai Allah."

Baburan suka tashi. Ya lalubi kututture ya zauna, na mayar da ita inda take. Can ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ya ce, "Labbo maƙeri ne. Allah shi jiƙanshi." Na ce amin.

Ga ta can sama da kanku, wadda aka naɗe da tsumma. Gobe kasuwa, zai zo. In kun ji ya fara, kada wanda ya sa baki, kada kuma in ga haƙoran kowa. In ya tambaye ku ko kun ga ina aikinta, ku ce kun gani, da saura.